Idan na'urar gano cuta ita ma ta kamu da ciwo: yadda ake gyara manhajar farautar kuskure a cikin edita

Shin ka taɓa tura kuɗi ta manhajar banki, aka cire daga asusunka amma ba su isa wurin mai karɓa ba? Ko ka cike fom a intanet, kana danna "aika" sai komai ya goge? Sau da yawa abin da ke bayan irin wannan kuskure ne a rubutun manhajar, kuma akwai wani mutum da zai zauna ya nemo shi a cikin dubban layuka. Kayan aikinsa na farko shi ake kira dibaga, wato manhajar farautar kuskure. A wannan rubutu za mu duba yadda dibaga ke aiki, yadda ake haɗa shi da editan da ake rubuta manhaja a ciki, da kuma abin da ake yi idan igiyar da ta haɗa su ita kanta ta lalace.

Asalin ƙwaro a kwamfuta

Masu rubuta manhaja suna kiran kuskure da kalmar Turanci mai ma'anar "ƙwaro", aikin cire shi kuma "cire ƙwaro". Akwai labarin da ake yawan bayarwa a kan haka. Ranar 9 ga Satumba 1947, masu aiki da wata katuwar kwamfuta mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka sun tarar da wani ƙwaro mai fukafukai, dangin malam-buɗe-littafi, ya maƙale a cikin ɗaya daga cikin makunnan na'urar. Sai suka ciro shi suka manna a littafin rajistar aikinsu. Grace Hopper, wadda tana cikin masu aiki da na'urar, ita ta yi ta ba da labarin har ya shahara, littafin kuma yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Sai dai kalmar ta girmi wannan rana, don Thomas Edison ya yi amfani da ita a kan matsalolin injuna tun 1878.

Ƙwarin yau ba su da fukafukai, amma ɓarnarsu ba ƙarama ba ce. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta na farko, saboda manhajarta ta yi ƙoƙarin cusa wata babbar lamba a gurbin da bai isa ya ɗauke ta ba. Ka ga ke nan neman kuskure ba aikin wasa ba ne.

Me dibaga yake yi takamaimai?

Manhaja tana gudu da saurin da ido ba zai iya bi ba, umarni biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Dibaga yana ba ka ikon tsayar da ita a inda kake so, ka leƙa cikinta, sannan ka sa ta tafi taki ɗai-ɗai. Kwatanta shi da shingen bincike a kan titi. Motoci na ta wucewa, amma idan aka sa shinge dole mota ta tsaya, a ga me ta ɗauko, daga ina take, ina za ta. Don haka a nan za mu kira wurin tsayawar da "shinge".

To, ta yaya ake sa shinge a cikin manhaja? A kwamfutocin da ke amfani da furosesa irin ta Intel da AMD akwai wani umarni na musamman mai suna INT3, girmansa bayit ɗaya tak, lambarsa 204. Idan ka ce a tsaya a layi na 40, dibaga zai je wurin da umarnin farko na wannan layi yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya cire bayit ɗin farko ya adana, ya dasa 204 a madadinsa. Da furosesa ta iso wurin sai ta dakata ta sanar da babbar manhajar kwamfutar, ita kuma ta sanar da dibaga. A Linux ana yin wannan ne ta wata ƙofa mai suna ptrace, wadda ke ba wata manhaja damar lura da wata da sarrafa ta. Idan ka ce a ci gaba, dibaga zai mayar da bayit ɗin asali, ya bari a yi taki ɗaya, sannan ya sake dasa shingen don zagaye na gaba.

Akwai kuma wata tambaya. Kwamfuta ba ta san "layi na 40" ba, lambobi kawai ta sani. Wa ya gaya wa dibaga inda layin yake? Amsar ita ce taswira. Lokacin da ake juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen inji, ana iya umartar manhajar juyin ta ajiye taswirar da ke cewa wannan umarni daga layi kaza na fayil kaza ya fito. A manhajar GCC ana neman haka da alamar -g, kuma a Linux tsarin taswirar ana kiransa DWARF. Idan babu taswira, dibaga zai tsaya amma ba zai iya nuna maka inda kake ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin dibagan da har yau ake amfani da su shi ne GDB, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Ana magana da shi ne ta hanyar rubuta umarni a baƙin allo, shi ma ya mayar da amsa a rubuce.

Ina edita ya shigo?

Mai rubuta manhaja yana wuni ne a cikin edita, wato manhajar rubutu irin su Vim, Emacs, Neovim ko VS Code. Bai son ya riƙa fita zuwa wani allo yana tambayar "ina muke yanzu?" Yana so ya danna gefen layi ya ga jan ɗigo, manhajar ta tsaya, kibiya ta nuna layin, ƙimomin da ke cikin ma'ajiyoyi su bayyana a gefe. Abin da ke yin wannan aiki wata ƙaramar manhaja ce da ake jona wa editan, ana kiranta filogin.

Abin lura a nan shi ne, filogin ɗin ba shi ke farautar kuskure ba. Ɗan aike ne kawai tsakanin edita da dibaga. Misali, Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ya zo da nasa ɗan aiken mai suna Termdebug a sigar 8.1 ta shekarar 2018, wanda ke magana da GDB kai tsaye.

Matsalar ita ce editoci suna da yawa, dibagogi ma haka, kusan kowane harshen rubuta manhaja da nasa. A ce akwai edita 5 da dibaga 10. Idan kowane edita sai an rubuta masa ɗan aike na daban ga kowane dibaga, ana buƙatar 50 ke nan. Shi ya sa kamfanin Microsoft, a aikinsa na VS Code, ya fito da wata ƙa'idar magana guda ɗaya mai suna Debug Adapter Protocol, a taƙaice DAP, wadda ya ware mata shafinta na kanta a 2018 don kowa ya ɗauka. Dabarar ita ce kowane dibaga a yi masa tafinta ɗaya mai jin wannan yare, kowane edita ma ya koyi yaren sau ɗaya. Maimakon 50, aiki ya koma 15. Kamar yadda Hausa take a babbar kasuwa ce: Bazabarme da Babarbare da Bafulatani ba sai kowa ya koyi harshen kowa ba kafin a yi ciniki.

A yau Neovim yana da nvim-dap, Vim yana da Vimspector, Emacs yana da dap-mode, harshen Python yana da tafinta mai suna debugpy, shi kansa GDB ya fara jin yaren DAP kai tsaye daga sigarsa ta 14 da ta fito a ƙarshen 2023.

Yadda hirar ke gudana

Kafin ka gane inda abu ke lalacewa, sai ka san yadda yake idan yana lafiya. Hirar edita da tafinta tana bin tsari. Edita zai fara da saƙon initialize, inda zai gabatar da kansa, tafinta kuma ya faɗi abubuwan da ya iya. Sai edita ya ce launch, wato a tayar da manhajar, ko attach, wato a kama wadda ta riga ta fara gudu. Idan tafinta ya shirya karɓar shingaye zai aiko da sanarwar initialized. A nan ne edita zai aika setBreakpoints da jerin layukan, ya rufe da configurationDone, ma'ana "na gama, a tafi". Da an iso shinge tafinta zai aiko da stopped, edita kuma ya bi da tambayoyi: wane sashe ne ya kira wane har aka zo nan, kuma me ke cikin ma'ajiyoyi?

Kowane saƙo yana da kai da gangar jiki. A kan akwai layin Content-Length da ke faɗin tsawon jikin, jikin kuma rubutu ne a tsarin JSON. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wurare huɗu da igiyar ke yawan tsinkewa

Na farko, ƙidaya. Wasu manhajoji daga 1 suke fara ƙirga layi, wasu daga 0. A cikin Neovim kansa, umarnin da ke faɗin inda alamar rubutu take yana ƙirga layi daga 1, amma wanda ke dasa alama a jikin rubutu daga 0 yake farawa. DAP ya san da wannan rikici, shi ya sa a saƙon farko akwai gurbin linesStartAt1 inda edita zai faɗi irin ƙidayarsa. Idan filogin ya faɗi ɗaya ya aikata ɗaya, kibiyar za ta riƙa nuna layin da ke sama ko ƙasa da na gaskiya. Mai aiki zai yi ta zargin layin da bai yi laifin komai ba.

Na biyu, adireshin fayil. Edita ya san fayil ɗin da wani adireshi a kwamfutarka, taswirar dibaga kuma ta san shi da adireshin inda aka juya shi, wanda mai yiwuwa wata kwamfuta ce daban. Idan adireshin biyu ba su zo ɗaya ba, dibaga zai ce bai san wannan fayil ba, manhajar ta wuce shingen a guje. Tafinta yakan faɗi gaskiya: a amsarsa kowane shinge yana da alamar verified da ke nuna ko ya dasu ko bai dasu ba. Filogin ɗin da bai duba wannan alama ba zai zana maka jan ɗigo mai kyau alhali babu shinge a wurin.

Na uku, gaggawa. Idan filogin ya aika configurationDone kafin shingayen su isa, manhajar za ta tashi ba tare da su ba. Ƙaramar manhaja tana iya gama aikinta cikin ƙiftawar ido. Abin haushin irin wannan matsala shi ne ba kullum take fitowa ba. Yau ta yi aiki, gobe ta ƙi, ya danganta da wanda ya riga wani isowa.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Lambar da ke cikin Content-Length adadin bayit ce, ba adadin haruffa ba. A tsarin UTF-8, wanda kusan duk intanet ke amfani da shi, haruffan Turanci bayit ɗai-ɗai suke ci, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu ne. Kalmar "kasa" haruffa 4 ce, bayit 4. Kalmar "ƙasa" haruffa 4 ce, bayit 5. Yanzu a ce mai rubuta filogin ya ƙirga haruffa maimakon bayit. Muddin duk abin da ke wucewa Turanci ne, lissafin zai fito daidai, babu wanda zai lura. Ranar da wani ya sa wa fayil ɗinsa suna mai ƙ, saƙon zai ce tsawonsa 120 alhali 121 ne. Mai karɓa zai yanke a 120, ya sami saƙo marar ƙarshe da ba ya karantuwa, bayit ɗin da ya rage kuma ya manne a kan saƙo na gaba ya ɓata shi. Daga nan hira ta watse. Tarkon yana da sauƙin faɗawa, domin a Python umarnin len haruffa yake ƙirgawa idan rubutu aka ba shi, a harshen Vim kuwa strlen bayit yake ƙirgawa, strchars kuma haruffa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar ba ta ganuwa ga wanda bai taɓa gwada manhajarsa da wani harshe ban da Turanci ba.

Yadda ake bin sawun matsalar

Tambayar farko ita ce: laifin wa? Akwai mutum huɗu a layi, edita, filogin, tafinta da dibaga, ga kuma manhajar da ake bincika. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire su ɗaya bayan ɗaya. Gwada dibaga shi kaɗai a baƙin allo. Idan ya tsaya a shingen, to shi da taswirar lafiya suke. Gwada tafintan nan a wani edita daban. Idan can ya yi aiki, zargi ya koma kan filogin.

Mataki na biyu, a saurari hirar. Filogin mai kyau yana da hanyar rubuta duk saƙon da ya shiga da wanda ya fita a wani fayil. A nvim-dap, misali, ana ɗaga matakin rajistar zuwa TRACE. Da ka jera saƙonnin ka kwatanta da abin da ƙa'idar DAP ta ce, yawanci za ka ga wurin da aka saɓa: an aika wannan kafin wancan, ko an ce layi na 39 maimakon 40.

Mataki na uku, a ƙanƙanta matsalar. Ba a kai wa mai gyara manhaja mai layi dubu goma a ce "ba ta aiki". Ana rage ta har ta koma layi biyar ko goma da ke nuna matsalar a kowane gwaji, a kashe duk sauran filogin ɗin da ke cikin editan. Sau da yawa garin ragewar ne ma dalilin ke bayyana.

Idan kuwa abin yana aiki a da, daga baya ya daina, akwai dabara mai daɗi. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana ajiye tarihin kowane canji, kuma tana da umarnin bisect. Za ka nuna mata sigar da ke aiki da wadda ba ta aiki, ta kai ka tsakiya ka gwada, ta sake raba rabin da ya rage biyu, haka dai. Canji 1,000 gwaji 10 kacal yake buƙata kafin a kama wanda ya jawo ɓarnar.

Bayan an gyara, saura abu ɗaya: a rubuta ɗan gwaji mai gudu da kansa wanda zai faɗi idan matsalar ta dawo. A misalinmu na haruffa, gwajin zai aika saƙo mai ɗauke da ƙ ko ɗ ya tabbatar ya isa cikakke. Duk wanda ya taɓa wannan sashe nan gaba, gwajin zai tsare shi.

Me ya sa rubuta bayani rabin gyara ne?

Da yawa daga cikin matsalolin da ake kai ƙara a kansu ba kuskuren filogin ba ne, rashin bayani ne. Mutum ya manta da alamar -g, ko bai san cewa tafintan daban ake saukar da shi ba, ko ya juya manhajarsa da zaɓin ƙara sauri, wanda ke sa a sake jera umarni har wasu ma'ajiyoyi su ɓace, dibaga ya ce ba ya ganinsu. Idan ba a rubuta waɗannan ba, kowane sabon mai amfani sai ya faɗa rami ɗaya, kuma kowannensu sai ya zo ya tambayi mutum ɗaya.

Bayani mai amfani yana amsa tambayoyi kaɗan a sarari. Me ake buƙata kafin a fara, kuma wace siga? Wane misali ne mafi ƙanƙanta da mutum zai kwafa ya ga abu ya yi aiki cikin minti biyar? Kowane zaɓi me yake yi, kuma me zai faru idan ba a taɓa shi ba? Idan shinge bai tsaya ba, me za a fara dubawa? Ina fayil ɗin rajista yake? Sannan me filogin ɗin bai iya ba? Wannan ta ƙarshe ana yawan tsallake ta, alhali ita ke hana mutum ɓata wuni yana neman abin da babu.

Al'ummar Vim suna da kyakkyawar al'ada a nan. Filogin yakan zo da fayil ɗin taimako a babban fayil mai suna doc, an yi wa kowane batu alama, ta yadda mai aiki zai rubuta :help da sunan abin, bayanin ya buɗe a cikin editan ko babu intanet. Ga wanda ke aiki inda data ke da tsada ko sabis ke yawan ɗaukewa, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Haka kuma ana ajiye jerin canje-canje na kowace siga, a faɗi abin da aka gyara da abin da zai daina aiki. A cikin rubutun filogin ɗin kuma, bayanin da ya fi daraja shi ne mai faɗin dalili. Kowa zai iya ganin cewa layin nan bayit yake ƙirgawa. Abin da ba zai gani ba shi ne me ya sa, kuma idan ba a faɗa masa ba, wata rana zai "gyara" shi ya mayar da matsalar.

Kai ma kana da abin bayarwa

Yawancin waɗannan filogin kyauta ne, rubutunsu a buɗe yake, kuma mutane ƙalilan ne ke kula da su, galibi a lokacin hutunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai ka zama gwani ba kafin ka taimaka. Idan ka ci karo da matsala, ka rubuta rahoto mai tsabta: sigar edita da ta filogin da ta tafinta, irin kwamfutarka, matakan da za a bi a ga matsalar, abin da ka yi tsammani da abin da ya faru, sai rajistar hirar. Amma ka karanta rajistar kafin ka saka ta a fili, domin tana iya ɗauke da kalmar sirri ko wasu bayanan wurin aikinka da suka ratsa ta cikin saƙonnin.

Idan kuma ka bi bayanin shigarwa ka maƙale a wani mataki har ka gano mafita, ka tura gyaran wannan sakin layi. Sabon shiga ne ya fi kowa ganin gibin da ke cikin bayani, don wanda ya rubuta shi ya daɗe da mantawa da abin da bai sani ba a farko. Idan kana koyon rubuta manhaja, gwada wannan a yau: buɗe fayil, sa masa suna mai ƙ ko ɗ, dasa shinge a ciki, ka ga ko kayan aikinka za su tsaya. Idan sun tsaya, madalla. Idan ba su tsaya ba, ka sami rahotonka na farko, kuma gyaransa zai amfani duk mai rubutu da harufan da Turanci ba shi da su.